Zanen Bango a Ƙasar Hausa: Daga Soron Sarki Zuwa Bakin Titi

Zanen bango reshe ne na sana'ar gini a ƙasar Hausa, kuma a da duk magini da ya amsa sunansa ya iya shi. A farkon al'amari ado ne na cikin gida. A fadoji irin Gidan Rumfa na Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), cikin soraye da zauruka ake ƙawatawa, bangon waje kuwa a bar shi da yaɓe kawai. Mai wucewa ba ya ganin komai sai katanga da zankwaye.

Maginin da ya fi shahara shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), da bakan gizon azara da ginshiƙai masu zane. Zuriyarsa ta riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau, har yau kuma akwai unguwa mai suna Babban Gwani a cikin birni.

Aikin kansa na hannu ne zalla. Bayan an ɗora tubali an yi yaɓe, sai magini ya zo tun ƙasa tana ɗanya, ya riƙa mulmula ta da yatsu yana fitar da tudu da kwari, ba takarda ba ma'auni, ido ne da sabo. Idan ta sha iska sai a shafe ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kada ruwan sama ya ci bangon. Inda ake son ƙarko sosai kuwa laso ake haɗawa, da katsin da ake kwasowa daga karofi da gashin da majema ke zubarwa. Wato marini da majemi da magini duk suna da hannu a bango guda. Alamar da aka fi yi ita ce dagi, ƙulli mai sarƙaƙiya irin wanda maɗinka ke yi a wuyan babbar riga. Wannan dagin ne aka ɗauka tambarin Arewa a zamanin Sardauna.

Fitowar zane zuwa fuskar gida abu ne da ya yawaita a ƙarni na 20. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, 'yan kasuwa suka samu abin hannu, kowa na son a san gidansa tun daga nesa. Sai zane ya bar cikin soro ya dawo kewayen ƙofar zaure. Da siminti ya shigo, magina suka koyi yanka zane a jikinsa kafin ya bushe, sannan a bi da fenti kala-kala. A nan ne sababbin siffofi suka bayyana kusa da dagi da takobi da allo: keke, agogo, mota, har da jirgin sama. Masu ganin wannan a matsayin lalacewar gado ba su yi wa maginan adalci ba, domin abin da zamaninsu ke alfahari da shi suka zana, kamar yadda na gabansu suka yi. Tsofaffin gidajen Tudun Wada a Zariya da unguwar Birni a Damagaram shaida ne.

Daga baya bulo da kwano suka karɓe gini, zanen ya ja baya ya koma fadoji da ƙofofin gari da gidaje 'yan ƙalilan. Hannun zane dai bai mutu ba, wuri ya sauya. Ya koma jikin manyan motoci, da allunan shaguna, da bangon makarantun firamare.

A wasu ƙasashe hukuma ce ta ɗauki nauyin mayar da irin wannan hannu kan titi. A Birisben ta Ostireliya, tun 1999 majalisar birni ke bai wa mazauna garin damar zana akwatunan ƙarfe da ke sarrafa fitilun hanya. A Doha ta ƙasar Katar, a 2013 aka gayyaci mai zane eL Seed ya cika bangwayen gadojin ƙarƙashin ƙasa na titin Salwa da rubutun Larabci mai ado, sannan a 2020 hukumar gidajen tarihi ta ƙasar ta ƙaddamar da shirin Jedariart, inda masu zane mazauna ƙasar ke ƙawata bangwayen birni. Dabarar ɗaya ce: a ɗauki abin da kowa ke wucewa ta gabansa kullum, a damƙa shi ga mai fasaha.

Kano da Zariya da Maraɗi ba su rasa irin waɗannan wurare ba. Ga katangun da ke kewaye da taransifoma, ga ƙafafun gadojin sama, ga bangon kasuwanni da tashoshin mota, yawancinsu fastocin siyasa ne suka rufe su. Jikokin magina da masu fentin mota suna nan a cikin unguwanni, kuma ƙananan hukumomi suna da ikon ba su wannan aiki.