Tarihin Laccocin Jama'a a Gidan Ilmi na Royal Institution

A cikin shekarar 1799 waɗansu manyan mutanen Ingila suka taru a Landan, a gidan Sir Joseph Banks, suka kafa wata ƙungiya da ake kira Royal Institution. Wanda ya fi tsayawa a kan maganar shi ne Count Rumford. Nufinsu shi ne a koya wa jama'a yadda ilmin kimiyya zai amfane su cikin sana'o'insu da zaman gidajensu, ta hanyar lacca da gwaje-gwaje a gaban idon kowa. Suka sayi gida a titin Albemarle, suka gina zauren lacca mai kujeru hawa hawa, yadda na baya zai ga teburin malami kamar na gaba.

Sunan gidan ya fito ne ta hannun Humphry Davy, wanda aka ɗauka aiki a 1801. Davy masani ne ƙwarai, shi ya fara ware sodiyam da fotasiyam a 1807, ga shi kuma da iya magana. Attajirai da matansu suka riƙa cika zauren. Amma fa wannan farin jini ya karkatar da gidan daga niyyarsa ta fari, gama shiga sai da kuɗi, masu sana'ar hannu kuwa ba su da shi.

Duk da haka wani talaka ya sami shiga. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, yana koyon ɗinkin littattafai. A 1812 wani ya yi masa kyautar tikiti, ya saurari laccocin Davy guda huɗu, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki. A wannan gida ne Faraday ya gano, a 1831, yadda ake samun lantarki ta wurin motsa maganaɗisu kusa da waya, watau tushen injunan da ke ba garuruwa wuta.

Da girma ya zo masa bai manta ƙofar da ya shiga ba. Wajen 1825 ya shirya laccoci iri biyu, na daren Jumma'a domin manya, da na lokacin Kirsimeti domin yara. Shi kansa ya yi na yaran sau goma sha tara. Wanda ya fi shahara shi ne na kyandir, wanda aka buga littafi a 1861. Ya ɗauki kyandir guda, abin da ke cikin kowane ɗaki, ya nuna yadda lagwani ke jan narkakken kitse sama, da abin da ya sa harshen wuta ke da haske, da yadda ƙuna ke haifar da ruwa, har ya kai yara ga fahimtar cewa numfashinsu ma wani irin ƙuna ne a hankali. Bai faɗi wata magana ba sai ya gwada ta a gabansu.

Ba kimiyya kaɗai aka ji a zauren ba. A 1861 da 1863 Max Müller ya yi laccocinsa a kan ilmin harsuna, inda ya bayyana tarihinsu da dangantakar da ke tsakaninsu. Har wa yau a wata daren Jumma'a ta 1897 J. J. Thomson ya sanar da gano ƙwayar lantarki. Laccocin yara ba su tsaya ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1942, kuma tun 1966 ake nuna su a talabijin kowace shekara.

Abin da malamai za su lura da shi a wannan tarihi biyu ne. Na fari, waɗanda suka yi binciken su ne suka fito suka yi bayaninsa da bakinsu, da kalmomin da yaro zai gane. Na biyu, kuɗin shiga ya kusa hana gidan samun mutumin da ya fi ɗaukaka sunansa, da ba don kyautar tikiti huɗu ba.