Daga 'ya'ya huɗun Babangida zuwa matan Uigur: wa ke da ikon ƙirga mana haihuwa?

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan Unijos mazauna Anguwan Rogo. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a yanke hukunci.

A majalisunmu, da zarar an ambaci tsarin iyali sai wani ya ce, "Ai makircin Turawa ne, so suke su rage mu." Wani kuma, galibi ɗan sashen likitanci, ya ce jahilci ne kawai. Daga nan sai hayaniya, shayi ya huce, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Ni a ganina, sai mun koma tarihi za mu gane inda tsoron nan ya samo asali, da kuma inda ya kamata mu ajiye shi.

Mu fara da 1988. A shekarar ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da manufar ƙasa ta farko kan yawan al'umma, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya. Abin da ya fi shiga kunnen mutane shi ne shawarar kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Burin shi ne kafin shekarar 2000 matsakaicin haihuwa ya sauko daga shida zuwa huɗu. Ba a ci tarar kowa ba, ba a ɗaure kowa ba, shawara ce. Amma ta zo a tsakiyar ƙuncin SAP, mutane suna ganin gwamnatin da ta kasa ba su magani a asibiti ta zo tana ƙirga musu 'ya'ya. Har ba'a aka riƙa yi cewa ai mace aka ƙayyade wa, mai mata huɗu yana da sha shida ke nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018, shekara talatin bayan haka, ya nuna matsakaicin haihuwa 5.3 a Nijeriya, 6.6 a Arewa maso Yamma. Ka ga ke nan manufar a takarda ta tsaya.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ke da zafi a wurinmu. A ƙasar nan yawa shi ne ƙuri'a, shi ne kaso daga asusun tarayya, shi ne ƙananan hukumomi. An soke ƙidayar 1973 saboda gardama, ta 2006 kuma an cire tambayar addini da ƙabila. Mu da muke Jos ta Arewa ba sai an yi mana lakca kan wannan ba. Duk wanda ya ce maka ka rage haihuwa, tambayar farko da za ta zo maka ita ce, wa zai amfana?

Sai 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano. Kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya haɗa da yara kusan 200, sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, daga ƙarshe a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon ne ya share fage ga 2003, lokacin da aka yaɗa cewa allurar shan inna tana ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Dakta Ibrahim Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a yana cikin manyan masu wannan magana. Kano ta dakatar da rigakafi har zuwa Yulin 2004, sai da aka kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta sake yaɗuwa, ta tsallaka har Sudan, daga baya ta kai Yemen da Indonesiyar kanta. A Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokacin, mu ne fa. Da yawanmu sun yi aure, sun haihu, mun ci sunan.

To, shin akwai inda gwamnati ta taɓa danne haihuwar Musulmi da ƙarfi? Akwai, kuma ba a Turai ko Amurka ba ne.

'Yan Uigur Musulmi ne masu harshe dangin Turkanci, sun haura miliyan sha ɗaya, suna zaune a yankin Shinjiyang na arewa maso yammacin Chaina. A zamanin dokar ɗa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015, an yi wa ƙananan ƙabilu sassauci: biyu a birni, uku a ƙauye, kuma a kudancin yankin ba a cika matsawa ba. A 2016 aka naɗa Chen Quanguo shugaban jam'iyya a yankin. A 2017 aka gyara dokar tsarin iyali, aka fara aiwatar da ita babu sani babu sabo, daidai lokacin da ake buɗe sansanonin da gwamnati ta kira cibiyoyin koyon sana'a. Alƙaluman gwamnatin Chaina da kanta sun nuna haihuwa a Shinjiyang ta faɗo daga 15.88 cikin kowane mutum dubu a 2017 zuwa 8.14 a 2019. Kusan rabi, cikin shekara biyu. Binciken kamfanin labarai na AP a 2020 ya gano cewa a Hotan da Kashgar, inda 'yan Uigur suka fi yawa, faɗuwar ta wuce kashi sittin cikin ɗari daga 2015 zuwa 2018. Matan da suka fito sun ba da labarin gwajin ciki na dole, sa robar mahaifa, juya mahaifa, tara mai nauyi, da tsare wanda ya haifi fiye da ƙima.

Chaina ta musanta. Ta ce doka ɗaya aka shimfiɗa wa kowa, mata sun samu ilimi, an daina auren wuri, kuma yawan 'yan Uigur ya ƙaru tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020. Sai dai ilimi ba ya raba haihuwa biyu cikin wata ashirin da huɗu, aikinsa a hankali yake tafiya. A ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai alamu masu ƙarfi na tilastawa tun daga 2017.

Abin da ya fi damuna shi ne, a Yulin 2019 ƙasashe 37 suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan matakan Chaina a Shinjiyang. Nijeriya tana ciki, Saudiyya da Pakistan da Masar ma haka. Mu da muka hana 'ya'yanmu rigakafi saboda jita-jita, ga abin ya faru da wasu da alƙaluma a rubuce, amma nawa ne a cikinmu suka taɓa jin huɗuba ɗaya a kai?

Ma'aunin da zai raba mana gardama ma akwai shi, kuma a 1988 ɗin aka ajiye shi. A Disambar shekarar, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke abu uku: bai halatta gwamnati ta kafa dokar ƙayyade haihuwa ga kowa ba, bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba sai da lalura, amma ya halatta miji da mata su ba da tazara bisa yardarsu da shawararsu, in babu cutarwa. Da wannan ma'aunin, abin da aka yi wa matan Hotan zalunci ne. Da shi kuma, matar da ta haifi takwas, jininta yana hawa, likita ya ce ta huta, babu wanda ya isa ya ce ta shiga makirci. Wanda ke shakka ya leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano nan cikin Jos, ya ga abin da doguwar naƙuda ke yi wa mata.

Gobe wasunmu ne za su sa farar riga a asibitocin Filato da Bauchi da Kano, wasu su zauna a ma'aikatu suna rubuta manufofi, wasu su hau mumbari. In aka kawo maka wani shiri kan haihuwa, ka tambaya: an yi wa matar bayani da harshen da take ji? Ta yarda? In ta ƙi, me zai same ta? Za ta iya dainawa duk ranar da ta so? In amsar ta yi kyau, kada ka tsorata mutane. In ba ta yi ba, kada ka sa hannu, ko daga wace ƙasa kuɗin ya fito.

Allah Ya ba matanmu lafiya, Ya kawo wa 'yan uwanmu na Uigur mafita. A yi karatu, jarrabawa ta kusa.