Yaron da Brooklyn Ta Ajiye a Benci

A Amurka, da zarar an buga wasan ƙarshe na besbol a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, sai a rufe filaye. Hunturu ya shigo, a garuruwan arewa dusar ƙanƙara ta lulluɓe ciyawa, 'yan wasa kowa ya kama hanyar garinsu. Mai hange daga nesa zai ce an tafi hutu ke nan. Amma a ofisoshin kulob-kulob lokacin ne ake hana ido barci, domin a waɗannan watanni ake yanke wa zai zauna, wa za a sallama, wane yaro za a jawo daga ƙananan ƙungiyoyi, wane kuma za a bari a waje ko da wani zai zo ya yi awon gaba da shi. Ni dai a tarihin wannan sana'a babu hukuncin hunturu da ya tsaya mini a rai kamar wanda aka zartar ran 22 ga Nuwamba, 1954, a kan wani saurayi ɗan shekara 20 daga tsibirin Puerto Rico, Roberto Clemente.

Ba a fahimtar labarinsa sai an bi ta kan Branch Rickey. Rickey mutumin jihar Ohio ne, lauya, mai riƙon addininsa har ba ya zuwa filin wasa ran Lahadi, kuma a kan kuɗi hannunsa a dunƙule yake. Wajen 1919 yana jan ragamar St. Louis Cardinals, kulob matalauci. A wancan zamani ƙananan kulob na garuruwa masu zaman kansu ne. Su ke tsinto yara, su horar da su, sannan su sayar wa manyan kulob ga wanda ya fi tayi. Duk yaron da Rickey ya nuna sha'awarsa, sai mai ƙaramin kulob ya aika wa masu kuɗin New York, farashi ya tashi, Rickey ya koma hannu rabbana. Da zai sayi wani mai jifa, Jesse Haines, a kan dala 10,000, sai da aka ci bashin banki.

Daga nan ya canza dabara. Maimakon sayen ɗan wasa, ya shiga sayen hannun jari a ƙananan kulob ɗin kansu: Fort Smith, Houston, Syracuse, ana tafiya ana ƙari. Ya riƙa ɗaukar yara birjik da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya rarraba su garuruwa kamar yadda mai hali ke ba da dabbobi kiwo a ƙauye: wadda ta yi ƙiba a kawo masa gida, sauran a kai kasuwa. Zuwa 1940 Cardinals na da ƙananan kulob kusan 30 da ɗaruruwan 'yan wasa. Sun ci kofin ƙarshe na World Series a 1926, 1931, 1934 da 1942, kuma taurarinsu irin su Dizzy Dean da Stan Musial duk renon gida ne. Rickey kansa yana da kashi 10 cikin 100 na kuɗin 'yan wasan da aka sayar.

Basira ce, ba na musu. Sai dai abin da ya riƙe tsarin wani sharaɗi ne da masu kulob suka ƙulla a tsakaninsu tun 1879: duk wanda ya sa hannu a kwantiragi ya zama na kulob, ko wa'adin takarda ya ƙare ba shi da ikon komawa wani wuri sai an sayar da shi ko an sallame shi. Yaro zai iya ƙwarewa har ya fi rabin 'yan babbar gasa, amma idan akwai tauraro a gurbinsa a St. Louis, sai ya tsufa a ƙaramin gari. Kwamishinan besbol na lokacin, tsohon alƙali Kenesaw Mountain Landis, ya tsani wannan tari. A 1938 ya 'yanta sama da 'yan wasa 70 daga hannun Cardinals, a 1940 ya 'yanta 91 daga Detroit. Ba zan wanke Landis ba, domin duk shekarun mulkinsa, daga 1920 zuwa 1944, babu baƙar fata ko ɗaya da ya taka babbar gasa. Amma a kan tara yara ya ga abin da ke faruwa.

Dokoki biyu aka kafa don rage wannan ɓarna, kuma a tsakaninsu Clemente ya faɗa. Ta farko tsohuwa ce, tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda yau ake kira Doka ta 5: kowane hunturu manyan kulob na iya zaɓen ɗan wasa daga ƙananan ƙungiyoyin wani idan ba a kare shi ba, kuma wanda ya zo na ƙarshe a gasa shi ke fara zaɓe. Ta biyu an farfaɗo da ita a 1953 don hana masu kuɗi kwashe yara: idan kuɗin kafin alƙalami ya haura dala 4,000, to kulob ya ajiye yaron cikin babbar tawagarsa, in kuwa ya tura shi ƙaramin kulob, ƙarshen kaka ƙofa a buɗe take ga kowa.

Clemente ɗan garin Carolina ne, an haife shi ran 18 ga Agusta, 1934, mahaifinsa shugaban ma'aikata ne a gonar rake. Yana yi wa Santurce wasa a gasar hunturu ta tsibirin. Al Campanis, mai farauto wa Brooklyn Dodgers 'yan wasa, ya gan shi a wani gwaji a 1952 ya rikice. A Fabrairun 1954 Brooklyn ta ba shi dala 10,000 kafin alƙalami da albashin dala 5,000. Milwaukee Braves sun zo daga baya da tayin da ya fi wannan, ya ce ya riga ya ba da kalmarsa.

Brooklyn ta san doka sarai, amma ta tura shi ƙaramin kulob ɗinta na Montreal ta ƙasar Kanada. Dalilin da kowa ke gani shi ne babu gurbi, ga Duke Snider ga Carl Furillo a bayan fili. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa da ƙarfi. A shekarar nan Brooklyn na da Jackie Robinson, Roy Campanella, Jim Gilliam, Don Newcombe, Joe Black da Sandy Amorós, kuma masu tarihi da dama suna ganin shugabannin kulob suna ƙidaya baƙaƙen fuskoki suna jin sun isa haka. An kuma daɗe ana cewa babban burinsu kada maƙwabtansu New York Giants su same shi su haɗa shi da Willie Mays.

Sai a dubi yaron nan a Montreal. Shekararsa 19, Sifaniyanci yake ji, mutanen gari Faransanci suke yi, abokan wasansa Turanci. Idan tawaga ta je Havana ya ji harshensa a titi, idan ta je Richmond a jihar Virginia a nuna masa inda baƙar fata ke cin abinci. Ga kuma benci. A duk kakar nan wasa 87 ya shiga, sau 148 kacal aka lissafa masa riƙon sandar bugu, abin da mai wasa kullum kan ninka sau uku. Clemente ya rayu yana cewa ɓoye shi aka yi don kada masu leƙe su gan shi. Kocinsa Max Macon ya musanta, kuma masu binciken da suka koma kan jaridun 1954 sun gano cewa galibi yakan sa shi ne idan mai jifan abokan karawa bahago ne, yadda yake yi wa wasu ma. Na karanta ɓangarorin biyu, kuma a ganina gardamar ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Ko Macon ya ɓoye shi ko bai ɓoye ba, an riga an yanke hukuncin tun Fabrairu a ofishin Brooklyn, ranar da aka ce a biya shi kuɗin tauraro amma kada a ba shi gurbi.

Hannu irin nasa kuwa ba ya ɓoyuwa. A besbol, mai tsaron bayan fili na dama shi ke da jifa mafi nisa, daga can kusa da katanga zuwa zango na uku, kuma yawancinsu sai ƙwallo ta yi tsalle a ƙasa kafin ta isa. Clemente yakan tsinci ƙwallo a guje, ya juya, ya sake ta a miƙe, ta faɗa cikin safar hannun abokinsa daidai inda ƙafar mai gudu za ta sauka. Clyde Sukeforth na Pittsburgh Pirates ya je kallon Montreal ne don ya duba Joe Black, wanda aka mayar can a lokacin. Tun a atisayen kafin wasa ya ga jifan wani yaro, ya shiga tambayar ko wane ne. Wannan Sukeforth shi ne ya kawo Jackie Robinson gaban Rickey a 1945, lokacin Rickey na jan ragamar Brooklyn. Shi kuma Rickey ya bar Brooklyn a 1950 bayan Walter O'Malley ya karɓe kulob ɗin, ya koma Pittsburgh, inda tawagarsa ta sha kashi sau 112 a 1952, sau 104 a 1953, sau 101 a 1954. Wannan faɗuwa ita ta ba shi zaɓen farko. Ya biya dala 4,000 ya ɗauki Clemente.

Makonni uku bayan haka, a Disambar 1954, Brooklyn ta ɗauki wani bahagon mai jifa ɗan unguwa, Sandy Koufax, da kafin alƙalami na dala 14,000. Wannan karon ba su yi sake ba, suka ajiye shi a babbar tawaga, har aka mayar da Tommy Lasorda Montreal don a sama masa wuri. To me ya samu? Wasa 12 a duk 1955. Yaron da ya kamata yana jifa kowane kwana huɗu a ƙaramin gari ya zauna yana kallo, kuma sai 1961 gwanintarsa ta fito sosai. An bi hanya biyu mabambanta da yara biyu, kowannensu ya ƙare a benci a shekarun da ya fi bukatar fili. Brooklyn kam ba ta ji a jikinta nan take ba, don a 1955 ta ci kofinta na farko, kuma Amorós ne ya yi kamun da ya cece ta a wasa na bakwai.

Clemente ma bai haska nan da nan ba. Ya fara wasa a Pittsburgh ran 17 ga Afrilu, 1955, da Brooklyn aka kara, yana fama da ciwon baya daga haɗarin mota, 'yan jarida suna kwaikwayon Turancinsa a rubuce suna kiransa Bob, sunan da bai taɓa so ba. Daga 1960 abin ya buɗe: kofi biyu, 1960 da 1971, zakaran bugu sau huɗu, gwarzon gasa a 1966, kyautar tsaron fili sau 12 a jere.

Doka ta 5 tana nan har gobe. Kowane kulob na da jerin mutum 40 da ya kare. Yaron da aka ɗauka yana ɗan 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar dole a sa shi a jerin ko a bar shi a waje, wanda aka ɗauka yana ɗan 19 ko sama kuma kaka huɗu. A tsakiyar Nuwamba ake rufe jerin, a Disamba a yi zaɓe a taron hunturu. Farashi yanzu dala 100,000 ne, kuma wanda ya ɗauka sai ya riƙe yaron a babbar tawaga duk kakar, in ba haka ba ya miƙa shi ga masu shi a kan rabin kuɗi. Ta wannan ƙofa George Bell ya bar Philadelphia zuwa Toronto a 1980, Johan Santana ya fita daga hannun Houston a 1999 ya ƙare a Minnesota, inda ya zama gwarzon masu jifa sau biyu. Ina son dokar, domin tana tilasta wa mai tari ya nuna abin da ke hannunsa. Amma ko ita tsakanin masu kulob take. Ran 22 ga Nuwamba, 1954, babu wanda ya tambayi Clemente ko yana son Pittsburgh.

Bai manta ba. A Oktoban 1969 St. Louis ta yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia bayan kaka 12 yana yi mata wasa, Flood ya ce ba za shi ba, zai kai ƙara. A Disamba wakilan ƙungiyar 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, suka zauna a San Juan don su yanke ko za su ɗauki nauyin shari'ar. Wasu suna ɗari-ɗari. Clemente, wakilin Pittsburgh, a ƙasarsa ake taron, ya tashi ya mara wa Flood baya, kuma da aka kaɗa ƙuri'a babu wanda ya ƙi. Kotun Ƙoli ta kayar da Flood a Yunin 1972, alƙalai 5 da 3. Ran 30 ga Satumba na shekarar Clemente ya cika bugu mai kyau na 3,000. Ran 31 ga Disamba ya shiga jirgin da ke ɗauke da kayan agaji zuwa Nikaragua, inda girgizar ƙasa ta rusa Managua, domin ya ji labarin mutanen gwamnatin Somoza suna karkatar da kayan da ya aika a baya. Jirgin ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga San Juan. Shekararsa 38.

Sharaɗin 1879 ya ƙara shekara uku a bayansa. A Disambar 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke cewa Andy Messersmith da Dave McNally, da suka buga kaka guda ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, ba na kowa ba ne. Messersmith mai jifan Dodgers ne, waɗanda tun 1958 suka koma Los Angeles. A Afrilun 1976 ya zaɓi Atlanta Braves da kansa, a kan dala miliyan 1 na shekara uku.