Wayar Zinare da Muryar Narambaɗa

A Turai da Amurka akwai masu sayen wayar haɗa lasifika da kuɗin da zai sayi mota, wai don sauti ya fito garau. A 2007 James Randi ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambance wata waya ta dala 7,250 da wata mai araha, da kunne kawai. Ba a kai ga yin gwajin ba, ba kuma wanda ya karɓi kuɗin. Yanzu da irin waɗannan kaya suka fara shiga falukan masu hali a Kano da Sakkwato, ya kamata a tambayi ƙasar Gobir, don ta daɗe da sanin darajar sauti.

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya yi zamaninsa kafin kaset ya shigo ƙasar Hausa; a 1963 ne ma Philips ya fito da shi. Abin da ya rage na muryarsa an ɗauke shi ne da na'urorin wancan lokaci. Daga nan gidan rediyo ya watsa, wani ya kara rikoda ya naɗa, masu sayar da kaset suka yi ta kwafa daga kwafi, kowane kwafi da tasa shashshakar. Kunnen matashi na jin sauti har wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, amma rediyon matsakaicin zango da ƙyar yake kawo kashi ɗaya cikin huɗu. Haka Bakandamiya ta iso katin memori na wayoyinmu.

To, me wayar zinare za ta ƙara? Mu masu aikin kwamfuta mun san fayil lambobi ne. Ko dai sun isa daidai, ko ba su isa ba. Abin da makirufo bai kama ba a Isa shekara sittin da wani abu da suka wuce, babu kebul ɗin da zai haife shi.

Mutanen Sabon Birni da Isa sun san inda kuɗi ke aiki: batir mai ƙarko, eriya doguwa, lasifikar da ba ta fashe ba. Da su aka ji Sashen Hausa na BBC tun 1957, da Rediyon Kaduna tun 1962. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a yankin saboda 'yan bindiga, ƙaramar rediyon nan mai batir biyu ce ta ci gaba da kawo labari.

Ni dai da za a ba ni kuɗin waccan waya, tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a gidajen rediyo zan bi, a juye su zuwa kwamfuta daga tushe. Zaren naɗi ba ya jure zafi da ƙura, kuma injinan da ke iya karanta shi sai ƙarewa suke yi.