Sanƙo da Zubewar Gashin Gefen Goshi: Dalili da Magani

Duk mai bi ta Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid a Riyadh yakan ga maza sun sauko daga jirgin Istanbul da bandeji a ƙeya. Dashen gashi suka je. Kafin ɗan'uwa ya kashe guminsa a wannan hanya, ya kamata ya san abin da ke cin gashin.

Dalili

Ga maza, yawanci gado ne, ta wajen uwa ko uba. Wani sinadarin jiki mai suna DHT ke tsuke tushen gashi, sai ya riƙa ja baya daga gefe biyu na goshi. Sa hula ba ya kawo sanƙo. Ga mata kuwa, kitso mai tsauri da ɗaure gashi tamau ne kan gaba, sai jego da ƙarancin jini.

Magani

Minoxidil na shafawa ne, Amurka ta amince da shi a 1988. Finasteride ƙwaya ce ta maza, an amince da ita a 1997. Tana iya rage sha'awa, kuma mai ciki kada ta taɓa fasasshiyarta. Dukansu sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji, in an daina kuma zubewa ta dawo.

Dashe ba ya hana sauran gashin zubewa, kuma mai fatar da ke yin tabo mai kumburi ya yi hattara. Mata su sassauta kitso da wuri, domin in tushen ya mutu ba ya sake tsirowa. A fara ganin likitan fata tukuna.