Dawa, Fari da Ƙuduji a Gonakin Gadarif

Tun daga shekarun 1940 da aka soma noman tarakta a baƙar lakar Gadarif, ruwan sama kaɗai ke shayar da dawa da riɗin yankin. Ƙasar tana riƙe ruwa da damina, amma da zarar sama ta ɗauke na wasu makonni sai ta daddare. Hausawan da suka daɗe suna noma a can sun san lokacin da fari ya fi ɓarna, wato sa'ad da dawa ta yi ciki.

Abin da ke faruwa cikin tsiron a wannan lokaci aikin homon ne, sinadaran da shuka ke aika saƙo da su daga saiwa zuwa ganye. Jigonsu a nan shi ne asid ɗin absisik, da aka gano a farkon shekarun 1960, masana kuma ke taƙaita sunansa da ABA. Idan ƙasa ta bushe yana ƙaruwa, ya sa ƙananan ƙofofin ganye su rufe don rage fitar ruwa. Haka yake yi idan gishiri ya yi yawa, domin gishiri ma hana saiwa shan ruwa yake yi, ko da yake wannan matsala ta fi damun gonakin ban-ruwa. Sai dai ta waɗannan ƙofofi ne shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita. Dawar da ta daɗe da ƙofa a rufe za ta tsira, amma zangarniyarta ba za ta cika ba.

A ganina, duk binciken da ya tsaya a nan bai kama bakin zaren Gadarif ba, saboda ya manta da ƙuduji, wanda Larabcin Sudan ke kira buda. Saiwar dawa na fitar da wasu sinadarai, istirigolakton, waɗanda a 2008 aka tabbatar su ma homon ne da ke hana shuka yawan rassa. Su ne ke tayar da ƙwayar ƙuduji da ke kwance cikin ƙasa, kuma fitarsu na ƙaruwa inda fosfet ya yi ƙaranci. Gonar da aka shekara da shekaru ana shuka mata dawa ba taki, ita ke kiran cutarta da kanta.

Mafi muhimmanci shi ne abin da masanan Japan suka wallafa a 2019: ƙuduji ba ya jin umarnin ABA, saboda wani furotin nasa ya sauya. Yayin da dawa ke rufe ƙofofinta don tattalin ruwa, shi nasa a buɗe suke, sai ruwa da abinci su riƙa kwarara daga saiwar dawa zuwa jikinsa. Wato dabarar da ke kare dawa daga fari ita ce ke ba ƙuduji galaba.

Don haka irin da ya dace da Gadarif dole ya haɗa jure fari da ƙarancin sinadarin da ke tayar da ƙuduji. Gebisa Ejeta, wanda ya samar da irin dawa na Hajin Dura-1 a Sudan a 1983, ya mayar da hankali daga baya kan haɗa waɗannan halaye biyu. Gwajin irin kuma a gonar da ƙuduji ya riga ya kama ya kamata a yi shi, cikin shekarar da ruwa ya yanke.