Waƙoƙin Gwandu da Kyoto: su sun adana nasu, mu ina namu?

1/ Wanga zare yana da tsawo, ku yi haƙuri. Ni ɗan Gwadangaji ne, ɗalibin jami'a. Wani abu ya same ni a hutun da ya wuce wanda ya sa na ji kunyar kaina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

2/ Ina kallon wani zanen Japan mai suna Chihayafuru, labarin yara 'yan makaranta masu gasar karuta. Wasan kati ne: a karanto farkon waƙa, kai kuma ka riga abokin karawarka taɓa katin da ke ɗauke da ƙarshenta. Waƙa ɗari ce, sai ka haddace su duka.

3/ Da na bincika sai na ga ba ƙirƙirar fim ba ce. Waƙoƙin nan ɗari wani mawaƙin birnin Kyoto ne ya zaɓo su, Fujiwara no Teika, wanda ya rasu a 1241. Mawaƙa ɗari, kowa waƙa guda. Har yau ana wasan a gidaje lokacin sabuwar shekara, ana kuma gasar ƙasa duk watan Janairu.

4/ Kyoto ta zama fadar sarkinsu tun 794. A can waƙa aikin gwamnati ce. Wajen 905 sarki ya sa aka tattara kundin Kokinshu, waƙa sama da dubu. Kusan kowace gajera ce, gaɓa 31 kacal. In an aiko maka da waƙa, da waƙa za ka mayar da amsa, in ba haka ba ka zubar da girmanka.

5/ Nan na tsaya na tambayi kaina: ni da na fara haddace sunayen mawaƙan Kyoto, baiti nawa na sani na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo? Amsa: ko ɗaya. Ga fadar Sarkin Gwandu nan Birnin Kebbi da sunansa, ina wucewa kullum. Ga hubbarensa a Gwandu. Wallahi ko ɗaya.

6/ Galibinmu mun san shi ƙanen Shehu Usmanu, jarumin yaƙi, mai tafsirin Diya'ut Ta'wil. Abin da ba a cika faɗa muna ba shi ne mawaƙi ne na gaske. Har ilimin nahawu da sarfu ya tsara a baitoci don ɗalibai su samu sauƙin hadda.

7/ A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a littafi guda, Tazyinul Waraƙat. Tsarin littafin shi ne abin sha'awa: ya kawo waƙa, ya faɗi inda ya yi ta da abin da ya sa. Kana bin waƙoƙin kana bin tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi da shi.

8/ Misali na farko, kuma shi ya tuna min da Kyoto. Wajen 1786, Shehu na yawon wa'azi, wani malami, Mustafa Goni, ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wa'azin tare da maza. Shehu ya ce wa ƙanensa ya ba shi amsa. Abdullahi na da shekara ashirin ko kusa da haka.

9/ Ya amsa da waƙa. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni. Ku duba fa: muhawara kan karatun mata, wadda har gobe muke yi a nan, an yi ta da baitoci sama da shekara 230 da suka wuce. Babu zagi, babu gori. Baiti ya zo, baiti ya koma.

10/ Daga nan sai yaƙi. Tabkin Kwatto a 1804, ya yi waƙar nasara. A 1805 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Wato wanga gari da muke zuwa kasuwarsa yana cikin labarin kai tsaye. A shekarar ce jama'ar Shehu suka zauna Gwandu.

11/ Amma ba nasara kaɗai ya rubuta ba, kuma nan ne ya burge ni. Ƙarshen 1805 aka yi yaƙin Alwasa, nan tsakaninmu da Argungu. Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗu suka yi wa rundunar jihadi mummunar ɓarna, har suka bi su zuwa Gwandu kafin a kore su.

12/ Malam Abdullahi bai ɓoye wannan ba. Ya yi makokin abokansa da suka rasu a yaƙoƙin nan. Ya kuma juyo kan mutanensa, ya ce niyya ta fara gurɓata, an koma son mulki da dukiya da dawaki da tufafi. Mutum ne yana tsakiyar tafiya yana faɗa wa tafiyar gaskiya.

13/ Abin ya dame shi har ya bar rundunar, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano aka roƙe shi ya tsaya, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya dawo. Damuwar da ta fitar da shi tana nan cikin waƙa, da bakinsa.

14/ Ku gaya min, cikin manyanmu na yau wa zai rubuta laifin ɓangarensa da hannunsa, ya sa sunansa, ya bar wa jikoki? Mu abin da muka gada daga waƙa galibi yabo ne. Wanda ya kafa gidan kuwa ya bar muna har da kuka da tuhumar kai.

15/ Bayan rasuwarsa a 1829 'yar wansa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Ita kuma ta ɗauki waƙa ta mai da ita makaranta: jajis ɗinta suna haddacewa su kai wa matan ƙauyuka, su ne 'Yan Taru. Larabci don malamai, Fulatanci da Hausa don sauran jama'a.

16/ Zaren bai yanke ba har ƙarni na 20. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Birnin Kebbi sunan Waziri Umaru take ɗauke da shi, wato Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, marubucin waƙoƙin Hausa. Na tambayi abokaina uku da ke karatu can. Babu wanda ya san mawaƙi ne.

17/ Yanzu ga inda abin ke da nauyi. Ina da abokai Kabawan Argungu, kuma na san yadda suke jin labarin 1805. Wurinsu ranar rasa birnin kakanni ce. Ba su miƙa wuya ba: Yakubu Nabame ya tayar da Kabi a 1849, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa.

18/ Waƙar da aka rubuta ta masu alƙalami ce. Muryar Kabawa ta fi zama a kirari da bakin makaɗa, tun daga kirarin Kanta na Surame. Ita takarda tana jira a zo a karanta ta. Shi baki in mai shi ya rasu ba a ɗauka ba, shi ke nan. Rabin labarin ne ke tafiya kabari.

19/ Ba don tada tsohon miki nake faɗa ba. Tun 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, gaba ta mutu. Yau auratayya muke yi. Amma zaman lafiya ba ya nufin a manta; yana nufin mu iya sauraren ɓangarorin biyu ba faɗa.

20/ Mu koma Kyoto. Zuriyar Teika, gidan Reizei, ba su bi sarki zuwa Tokyo ba lokacin da fada ta tashi bayan 1868. Suka zauna suna gadin rumbun littattafan kakansu. Wajen 1980 suka buɗe shi ga masana. Gida ɗaya, ƙarni bayan ƙarni, aikinsu ke nan.

21/ Mu kuwa? A gidanmu akwai wata adaka ta kakana, Allah ya jiƙansa, cike da takardun ajami. Da na buɗe ta bayan duk wanga bincike, gara ta cinye kusan rabi. Waɗanda suka rage na kasa karantawa sosai. Na iya karanta fassarar waƙar Japan da Turanci, na kasa karanta hannun kakana.

22/ Shi ma Tazyinul Waraƙat ɗin, da fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett da aka buga a Ibadan a 1963 na fara saninsa. Ɗan Gwadangaji ya bi ta hannun Bature kafin ya ji muryar Malam Abdullahi na Gwandu. In wannan bai isa abin kunya ba, ban san me zai isa ba.

23/ Japanawa ba su fi mu waƙa ba. Dabara biyu suka yi: wasu suka tsare takarda, wasu suka mai da waƙar wasan yara. Mu muna da musabaƙa, mun san daɗin hadda da gasa. Me zai hana makarantun Kebbi su yi gasar baitocin Malam Abdullahi da Nana Asma'u da Waziri Umaru, da kirarin Kabi?

24/ Ni dai na fara da abin da zan iya. Na ɗauki hoton duk takardar da ta rage a adakar nan da wayata. Duk Alhamis bayan la'asar ina zuwa wurin wani dattijo a unguwarmu yana karanta min, ina mayarwa boko. Mun gama shafi tara. Biyu daga ciki waƙar wa'azi ce.

25/ In akwai irin wagga adaka a gidanku, don Allah ku buɗe ta kafin damina. In akwai tsohuwa mai rera waƙar wa'azi ko tsoho mai kirarin Kabawa, ku kunna waya ku ɗauka. Wanda ya ga kuskure a zaren nan ya gyara min, ɗalibi ne ni. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gama lafiya.